Kazar Auren Afiniki

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, ciwon kaji ya shigo unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Kafanchan, ya share mana kaji tas cikin kwana tara. Da safe ki ga kaza tana kiwo, da rana ta saki fukafukai tana gyangyaɗi, kafin yamma ta miƙe ƙafa. Mun ba su barkono, mun ba su toka, mun jiƙa ɓawon maɗaci. Martina, uwar Zumuntar Mata ta cocinmu, har addu'a ta yi a bakin akurkinta da ƙarfi yadda duk layi ya ji. Kajinta ne ma suka fara tafiya.

Ni Paulina, kaza ɗaya ce ta tsaya mini a rai. A gidanmu a Manchok, idan yarinya za ta tafi gidan miji, uwarta takan sa mata kaza a hannu, daga zuriyar wadda ita ma uwarta ta ba ta. Ranar da zan tafi, mamata ta danna mini wata 'yar ja a ƙirji, ta ce, "Riƙe ta. Ranar da kika rasa wanda za ki gaya wa magana, gaya mata." Na ɗauka wasa take yi. Da na yi shekara ashirin da huɗu ina auren Meshak, na gane ba wasa ba ne. Kazar ta bar 'ya, 'yar ta bar 'ya, kowacce Mama Ƙarama nake kiranta, kuma babu abin da ban gaya musu ba a bayan kicin. Mamata ta daɗe da rasuwa. Ga 'yata Afiniki an sa aurenta mako guda kafin Kirsimeti da wani malamin makaranta mai aiki a Bauci, ga Mama Ƙarama ta ƙarshe kwance a akurki ƙafa sama.

Ƙwai biyar ta bari. Na fita neman wadda kazarta ta tsira ko zan samu mai kwanci, na zaga har Kagoro ban samu ba, na dawo gida na tarar da ƙwai ɗaya. Baban Afiniki ya soya huɗu da albasa ya ci da burodi. Yana goge baki yake gaya mini wai ya ga uwarsu ta mutu, kada su lalace.

Kwana uku ban ce masa uffan ba. Ko gaisuwar safe, tukunya nake gaisarwa.

A rana ta huɗu ya zo ya tsaya a ƙofar kicin da wani ɗan littafi a hannu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, akwatin da ke falo, kaza ne."

Bari in gaya muku wane ne Meshak. Shekara talatin ya yi a rumbun kayan tasha kafin ya yi ritaya, aikinsa rubuta takarda ya liƙa wa kaya: sunan mai kaya, daga ina, zuwa ina. A wurinsa duk abin da ba shi da takarda bai wanzu ba. Akwatin nan kuwa na katako ne, ƙafa huɗu, da 'yar tagar gilashi a gaba da fitilar kananzir maƙale a gefe. Ya sayo shi a gwanjon kayan da takardarsu ta ɓace aka rasa masu su, don tausayi kawai. Shekara shida yana ajiye takalman cocinsa a ciki. Sai yanzu da yunwar magana ta dame shi ya buɗe littafin da ya zo da shi, ya gano injin ƙyanƙyashe ƙwai ne.

Na ce, "Baban Afiniki, ka ci huɗu, yanzu za ka gasa na biyar?"

Ya ce littafi ya ce kwana ashirin da ɗaya. Ba ni da wata hanya, na miƙa masa ƙwan.

Kafin rana ta raba, labari ya cika unguwa. Kowace mace tana da ƙwai marayu a ƙwarya, ba uwar da za ta kwanta a kansu. Mata goma suka zo suka same ni ta sha ɗaya, ƙwai talatin da ɗaya. Meshak ya fito da tebur bakin ƙofa, ya sa tsohon kakinsa, ya ce a bi layi. Kowane ƙwai ya ɗauka sai ya lashi bakin fensir ya rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe, sunan mai shi, sannan KAFANCHAN ZUWA KAFANCHAN. Martina ta ce a sa nata a gaba kusa da taga saboda matsayinta. Ya ce babu fes kilas, wato taragon manya, a wannan jirgi. Kubra, tsohuwar maƙwabciyarmu mai soya ƙosai a ƙofar tasha, wadda kakanninta suna kasuwar garin nan tun kafin a shimfiɗa dogo, ta kawo nata guda uku ta ce, "Malam Meshak, in sun dahu dai ka aiko mini da gishiri."

Daga ranar falonmu ya zama tasha. Ƙarfe shida na safe ya busa usur, ya ja aljihun akwatin, ya juya ƙwai ɗaya bayan ɗaya, mai suna a sama ya koma ƙasa. Ƙarfe shida na yamma ya sake busawa. Tsakanin nan yana zaune a kan kujera yana kallon ma'aunin zafi, ya ɗaga lagwani kaɗan, ya sauke kaɗan, ya ƙara ruwa a farantin da ke ƙasa. An hana tari a falo. An kori kyanwa zuwa gidan ƙanwarsa. Ni kaina, matar gida, sai na ƙwanƙwasa kafin in wuce zuwa ɗakina. Na haɗiye duk wannan, saboda ƙwai ɗaya.

A kwana na bakwai ya toshe taga da bargo da rana tsaka, ya haska kowane ƙwai da tocila. Takwas ba komai a cikinsu, ya mayar wa masu su tare da takardar ban haƙuri. Da ya ɗaga nawa, sai na ga jijiyoyi jajaye kamar saƙar gizo, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Na ce a raina, Mama, ba mu ƙare ba.

Sai ga saƙo daga Manchok. Dangin ango za su je gaida danginmu ranar Asabar, dole mu tafi tun Jumma'a mu dawo Lahadi bayan sujada. Na ƙirga da yatsu, na ce, "Baban Afiniki, Asabar ɗin nan ce kwana ashirin da ɗaya."

Ya yi irin murmushin nan nasa da ke sa in ji kamar in jefe shi da muciya. Ya ce, "Madam, littafi ya ce ashirin da ɗaya. Allon tasha ma yana cewa ƙarfe biyu. Tun da kike garin nan kin taɓa ganin jirgin ƙarfe biyu da ƙarfe biyu?"

Na ce, "Kaza ba ta leti."

Ya ce, "Kaza ke nan. Wannan inji ne. Shekara talatin ina aiki da inji. Na ba shi leti kwana biyu, Litinin da safe zai iso, in ma ya yi ƙoƙari."

Ni da na yi shekara ashirin da huɗu ina kiwon kaji, na bari namijin da bai san kan ƙwai ba sai a kasko ya rinjaye ni. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina ya fi nasa. Littafin ya ce kwana uku na ƙarshe ba a juya ƙwai, don haka fitila kawai ake buƙatar a kula. Ya damƙa wa Kubra makulli da kwalbar kananzir, ya sa ta rantse ba za ta buɗe akwatin ba ko da gobara.

Lahadi da la'asar muka sauka daga mota. Tun daga kan layi na hango mata cike a ƙofar gidanmu. Kubra tana zaune a kan turmi tana fifita, ta ce, "Malam Meshak, sannu da hanya. Fasinjojinka sun sauka tun jiya."

Meshak ya ciro agogon aljihunsa ya duba, ya ce, "Ba zai yiwu ba."

Ciyo-ciyon da ke fitowa daga falo kuwa ko kurma ya ji. Muka shiga, mata suka biyo mu har cikin falo, Meshak ya ja aljihun akwatin. 'Yan tsaki ashirin da uku, sun bushe sun yi ɓul-ɓul, suna tattaka juna. A can lungu ɓawon ƙwai ne tsibi guda, kowanne da sunansa raɗam, rubutu mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Na tona na samu nawa. PAULINA, KAFANCHAN ZUWA KAFANCHAN, ciki wayam. 'Yar Mama Ƙarama ta fito da rai, tana nan a gabana, kuma ban san wacce ba ce.

Na juya na ce, "Kubra, don Allah, ba ki leƙa ta taga ba?"

Ta ce, "Na leƙa mana, ai wuni na yi a nan. A gabana kowanne ya fito. Amma duk a jiƙe suke fitowa kamar ɓeraye, kuma ni ban iya karatun boko ba."

Yesu! Abin da ya biyo baya, ban taɓa ganin irinsa ba ko a zaɓen shugabannin Zumunta. Kowace mace ta ce manyan nan masu ƙiba nata ne. Wata ta ce wancan yana tafiya irin ta marigayiyar kazarta. Martina ta ɗauki ɓawo mai sunanta tana gwada 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya tana tura su ciki, wai wanda ya shiga daidai shi ne nata. Ba wanda ya shiga, domin duk sun fi ɓawon girma. Ni kuwa na ce a yi shiru, na durƙusa na kai bakina kusa da su, na raɗa musu labarin ƙwai huɗu da albasa, don na san jinin Mama Ƙarama ya saba sauraro. Su ashirin da ukun suka karkata kai suna kallona. Ɗaya ya yi mini kashi a hannu.

Meshak ya busa usur. Ya ce doka a bayyane take: kayan da suka rabu da takardarsu ana tsare su kwana casa'in, in ba a gane mai su ba a yi gwanjo. Bai rufe baki ba Martina ta cire takalmi. Kubra ce ta cece shi. Ta ce a zuba su a kwando a rufe da zane, kowacce ta sa hannu ba tare da ta duba ba, ta ɗauki adadin ɓawon da ke da sunanta. Ba wadda ta ji daɗi, shi ya sa kowa ya yarda. Na rufe ido na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, na sa hannu na ciro ɗaya.

Wata ɗaya bai cika ba na ga gashinsa yana tasowa a birkice, kowanne yana kallon sama. Fingi ne, kuma zakara. Duk unguwar nan Kubra kaɗai ta taɓa kiwon fingi. Na san ke nan 'yar Mama Ƙarama tana cikin sauran ashirin da biyun, a gidan wata.

To me zan yi? Sai na zama uwarsu duka. Kowace safiya in ɗauki ƙwaryar tsaki in bi gida goma. Na samo maganin nan mai ruwan shuni da ake shafa wa gyambo, na shafe su kaf don kada shirwa ta gane su, unguwarmu ta cika da kaji shuɗaye kamar 'yan kwayar coci. In hadari ya taso, ni ce a guje ina kora kajin mutane cikin akurki. Damina ta zo ta wuce, ko ɗaya bai mutu ba, domin ni ban yarda ba.

Da suka girma sai wahala ta sake salo. Kunnena ya koyi ƙarar wasa wuƙa daga gida na biyar. Ranar da Martina ta yi baƙon fasto daga Zonkwa, ta riga ta take fukafukan wata ja, na faɗo ta kan danga zanena a hannu ina ihu, "Uwar Zumunta, tsaya! In ita ce fa?" Faston nan wake da manja ya ci. Ƙaramar Salla ta zo, na je na zauna a zauren Kubra tun safe, ta dube ni ta dubi kajinta, ta aika aka sayo kifi. Kuma da yake ban san wacce zan gaya wa magana ba, sai in tsuguna bayan kowane kicin in gaya wa duk wadda na samu. Masu gida suna ciki suna ji. Kafin kaka ta ƙare babu macen da ba ta san yadda Meshak ke munshari ba, da abin da uwarsa ta ce mini a shekarar da na zo.

Saura mako biyu biki, Afiniki ta same ni ina tsince shinkafa. Ta ce, "Mama, ki sayo kowace ja a kasuwa ki ba ni. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani. Kazar ma za ta sani."

Na kasa ci gaba da tsintar. Abin da uwata ta karɓa daga uwarta ta ba ni, a hannuna zai yanke, kuma 'yata za ta tafi garin da ba ta san kowa ba hannu wofi. Kunya da baƙin ciki suka haɗu suka danne ni. Ban iya roƙon kowa kazarta ba, don ko na roƙa ban san wacce zan nuna ba.

Aka ɗaura aure ranar Asabar, Litinin muka raka su tasha. Ango yana tsaye da kwat ɗinsa kusa da akwatuna, Afiniki tana riƙe da hannuna, ni kuma ɓawon ƙwan nan ne ƙulle a haɓar zanena, shi na yi niyyar ba ta. Sai na ji kuka da kyarkyara daga bakin ƙofa. Mata goma ne a jere, Martina a gaba, Kubra a baya, kowacce da kaji a hammata, wasu biyu, wasu uku, har yanzu da sauran shuni a fukafukansu.

Martina ta dire nata a gabana ta ce, "Maman Afiniki, ga su nan, ashirin da biyu. Ɗaya daga ciki ta mamanki ce. Ba don kirki muka kawo ba, mun gaji. Wata bakwai ba mu ci nama ba, dangata ta karye wuri uku, kuma na san abin da bai kamata in sani ba game da mijinki. Sun yi mana ƙwai, mun kai gidanki, akwati zai ƙyanƙyashe mana wasu. Waɗannan su bar garin nan."

Na buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "In kuma zakara ne fa?"

Kubra ta ce, "In zakara ne, ai ya riga ya bi su kaf, duk sun zama na mamanki. Karɓi, ƙosaina na ƙonewa."

Ango ya dubi kajin ya ce ɗaki ɗaya makaranta ta ba shi. Ba wanda ya kula shi. Meshak ya riga ya ruga rumbun kaya ya dawo da kwanduna biyu da zare da takardu. Jirgin ƙarfe biyu bai iso ba sai biyar saura, don haka ya samu lokaci ya zauna a kan akwatin amarya ya rubuta ashirin da biyu, AFINIKI, KAFANCHAN ZUWA BAUCI, ya ɗaura wa kowacce a ƙafa. Ya ce wannan karon a jikin fasinja.

Da jirgi ya tsaya aka loda kwandunan, na ciro wadda hannuna ya fara taɓawa na danna wa Afiniki a ƙirji. Maganar mamata ta zo mini har wuya, sai na ga dole in gyara ta. Na ce, "Riƙe su. Ranar da kika rasa wanda za ki gaya wa magana, gaya musu duka. Ɗaya daga cikinsu ta san mu."

Afiniki ta fashe da kuka, kazar ta fashe da kyarkyara, jirgi ya ja.

Muka dawo gida. A falo ƙwaryoyi goma ne jere cike da ƙwai suna jiran akwati. Ban tsaya ba, na wuce bayan kicin kamar yadda na saba shekara ashirin da huɗu, na tsuguna. Babu kowa sai fingin nan, shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya bi ƙwaro. Ƙirjina cike da magana, 'yata ta tafi, uwata ta tafi tare da ita a cikin kwando.

Ina nan sai na ji tafiya. Meshak ne, ya cire hular kakinsa. Ya jawo turmi ya kife ya zauna a gabana, ya ɗan karkata kai.

Ya ce, "Madam, in akwai magana, gaya mini."

Na dube shi. Sannan na gyara zama, na fara da ƙwai huɗun nan.